Malamai da Masu Halwa a Zanen Turawa: Yadda Aikin Ɗan Littafin Ke Tafiya

6 ga Janairu, 2025

Ga inda aka kwana. Ɗan littafin da nake haɗa wa ɗalibaina na ajin zane ya tsaya a kan abu guda: yadda masu zanen Turai, daga wajen 1450 zuwa 1700, suka riƙa zana mutum shi kaɗai, ko malami a ɗakin karatu ko mai gudun duniya a jeji. Da Hausa zan rubuta shi, hoto a shafin dama, bayani a hagu. Hotunan da na tara sun fi ƙarfin littafin, saura tankaɗe da rairaya.

Kusan rabin abin da ke hannuna mutum ɗaya ne, Jerom, malamin Kirista da aka haifa wajen 347 a Stridon, kan iyakar Dalmatiya, ya rasu a Baitalami a 420. Shi ya fassara mafi yawan Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, Tsohon Alkawari kai tsaye daga Ibrananci, kuma cocin Roma ta yi sama da shekara dubu tana aiki da fassararsa. Da ƙuruciya ya shiga hamadar Kalkis a Siriya, wajen 375 zuwa 377. Daga baya ya yi wa Fafaroma Damasus sakatare a Roma, sannan daga 386 har mutuwarsa yana Baitalami. Wannan rayuwa ta ba masu zane Jerom iri biyu. Ɗaya yana zaune a kan kujera cikin tufafi masu kyau, littattafai kewaye da shi. Ɗayan yana durƙushe a bakin kogo, kusan ba sutura, da dutse a hannu yana dukan ƙirjinsa. Wanda ya biya kuɗin zanen shi ke zaɓar wanda yake so a bangonsa.

Maganar hotuna: Rijksmuseum da ke Amsterdam, da Metropolitan na New York, da gidan zanen ƙasa da ke Washington sun saki hotunansu masu tsabta kyauta ga mai so. Na sauran gidajen sai na bi ɗaya bayan ɗaya na karanta sharuɗɗansu.

14 ga Janairu

Na gama rubuta shafin Antonello da Messina, kuma da shi littafin zai buɗe.

Zanen ƙarami ne, tsayinsa kamar santimita 46, faɗinsa 36, an yi shi da fentin mai a kan katako wajen 1475. Yana gidan zanen ƙasa na Landan. Mai kallo yana tsaye ne a waje, yana leƙawa ta wata ƙofar dutse mai baka. A dokin ƙofar akwai makwarwa, da ɗawisu, da tasar ruwa ta tagulla. Ciki kuwa wani makeken gini ne mai dogayen ginshiƙai da daɓen tayil, kuma a tsakiyarsa kafinta ya kafa wa Jerom wani ɗan ɗaki na katako, a kan dandamali, ba rufi, ba ƙofa. Yana zaune a miƙe cikin jan alkyabba yana buɗe littafi. Kantocin bayansa cike da littattafai, wasu a buɗe, da tuluna da ƙananan akwatuna.

Abin da ya fi riƙe ni takalmansa ne. Ya tuɓe su ya bar su a ƙasa, gindin matakalar da ke hawa dandamalin. Antonello bai rubuta ko kalma ɗaya ba, amma duk wanda ya ga takalman nan ya san wurin da aka hau wuri ne mai alfarma. A gefen dandamali, kyanwa tana kwance dab da wasu tukwanen shuka biyu. An rataye tawul a gefen katakon. Zakin da aka saba zana Jerom da shi kuwa sai ka neme shi: yana can dama cikin inuwar ginshiƙai, siriri, yana tahowa a hankali.

Ta tagar hagu, idan aka ƙara girman hoton a kwamfuta, ana ganin kogi da mutane cikin kwale-kwale, da gari mai ganuwa. Duniya tana ta harkarta, malamin bai ɗaga kai ba. A 1529 wani ɗan Benis mai suna Marcantonio Michiel ya ga zanen a gidan wani attajiri, ya rubuta cewa wasu na ganin aikin Jan van Eyck ne ko Memling, masu zanen Flanders. Ban ga laifinsu ba. Irin wannan haƙurin zana kowane tayil da kowane gashin tsuntsu, a lokacin, an fi sanin mutanen Flanders da shi.

15 ga Janairu

Gajeren shafi kan jar hula da zaki, don na san za a tambaya. Masu zane sukan ba Jerom jar hular kadinal, wato babban limami mai bi wa Fafaroma a muƙami, amma bai taɓa zama kadinal ba. Jar hular kadinal ma sai a 1245 Fafaroma Innocent na huɗu ya fito da ita, shekara ɗari takwas da ɗoriya bayan rasuwarsa. Labarin cewa ya cire wa zaki ƙaya kuwa asalinsa na wani rahibi ne, Gerasimus, da ya zauna kusa da kogin Urdun; kamancin suna ya sa aka jingina wa Jerom. Wani masanin shari'a na Bologna, Giovanni d'Andrea, wanda ya rasu a 1348, shi ya dage a riƙa zana Jerom da hula da zaki, masu zane kuma suka bi.

27 ga Janairu

Kwanakin nan ina kwaikwayon Jerom ɗin Albrecht Dürer na 1514 da siririn alƙalamin zane, don ba na son in yi wa yara bayanin abin da hannuna bai taɓa ba. Dürer ya sassaƙa shi ne a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada a danna a takarda. Duka-duka bai kai santimita 25 a tsayi ba. Babu launi, layi ne kawai da ɗigo.

Kusurwar taga na ɗauka. Tagar an yi ta ne da ƙananan gilasai masu da'ira, hasken rana ya ratsa su ya zuba siffarsu a kaurin bangon. Kafin in fara, na ɗauka inuwar ce za ta ba da wuya. Hasken ne mai wuya, domin a wannan sana'a ba a zana haske, barin takarda ake yi fara, a kewaye ta da layuka daidai gwargwado. Layi ɗaya ya yi yawa, ranar ta dushe. Hasken da ke kewaye da kan Jerom ma haka yake: farar takarda ce tsura, ita ce wuri mafi haske a duk ɗakin.

Ɗakin kuwa na Bajamushe ne mai rufin asiri a Nuremberg. Silin na katako har ana ganin jijiyar itacen. Matasai a kan benci, takalma a ƙarƙashinsa, almakashi da wasiƙu an soke a bango, agogon yashi kusa da jar hula. Ƙoƙon kan mutum yana kan taga. A gaba zaki ya lumshe ido, ɗan kare yana barci a gefensa. Jerom yana can ƙurya, ya duƙufa yana rubutu. A shekarar nan Dürer ya yi Melencolia, inda wata mai fukafukai ta yi tagumi cikin tarin kayan aiki ta kasa taɓuka komai. Littafin tafiyarsa zuwa ƙasashen Holan a 1520 da 1521 ya nuna yakan ba da su biyun tare. Zan sa su a shafuka masu fuskantar juna.

Sai wani babban duma da ke reto daga silin. Masana da dama suna danganta shi da wata rigima ta gaske. A garin Oea, Tarabulus ta Libiya a yau, wani bishop ya karanta wa jama'a sabuwar fassarar Jerom ta labarin Annabi Yunus. Tsiron da ya yi wa Annabin inuwa, tsohuwar fassara ta ce duma ne, Jerom ya sa sunan wata ciyawa mai hawa bango. Coci ta kaure da hayaniya, har bishop ɗin ya ga jama'a za su watse masa, ya koma wa tsohon karatu. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta wa Jerom wasiƙa a kan haka a 403. Ɗalibaina Musulmi za su tuna cewa Suratus Saffat ma ta ambaci tsiron, masu tafsiri da yawa kuma sun ce dangin duma ne ko kabewa. Abin da nake so su gani shi ne, abin da dattijon nan ke rubutawa a ƙuryar ɗaki shiru, yana iya tayar da gari a ƙetaren teku.

8 ga Fabrairu

Jiya na haska hotunan a bangon aji don in ji bakin yara kafin in yi nisa. Muna kan Dürer, wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu.

"Malam, to wa ke dafa masa abinci?"

Wasu suka yi dariya. Ta ce ita da gaske take: ɗakin a share yake, matasan a kaɗe, kare da zaki ba su da alamar yunwa, ga shi mutumin bai ko ɗaga kai ba. "Akwai wanda ke shiga ɗakin nan, Malam, ba a dai zana shi ba ne."

Na ce mata ta yi tambayar da littafin zai tsaya a kanta. Da dare na koma wa wasiƙun Jerom, amsar kuma tana nan ɓaro-ɓaro. A hamadar Kalkis, inda masu zane ke nuna shi daga shi sai dutse, ya rubuta wa wani abokinsa yana roƙon a aiko masa da littattafai, har yana cewa yana da almajirai masu kwafe masa rubutu. Wani attajirin abokinsa, Evagrius na Antakiya, yana kai masa ziyara da saƙonni. A can ya fara koyon Ibrananci wajen wani rahibi wanda asalinsa Bayahude ne. A Baitalami wani malamin Yahudawa yana zuwa masa da dare yana koya masa. Da idonsa ya raunana, shifta yake yi marubuta suna ɗauka.

Sai babbar magana, Paula. Gwauruwa ce daga manyan gidajen Roma. Ita da 'yarta Eustochium suka bar Roma suka koma Baitalami, da dukiyarta aka gina gidajen ibada na maza da na mata da masaukin baƙi. Ta koyi Ibrananci har tana rera Zabura da shi, shi Jerom ɗin ne ya shaida haka da alƙalaminsa. Ta rasu a 404, dukiyar ta ƙare kaf, har da bashi a kanta. Fassarori da sharhohi da yawa da ya yi, saboda roƙonsu ya yi su, kuma sunayensu ke gabatarwa. Duk da haka, cikin tarin hotunan da na tara, da ƙyar za ka ga fuskarta. Abin ya tsaya mini a rai.

Na sake tsarin littafin. Kowane shafi yanzu zai ƙare da tambaya biyu ga ɗalibi: wa aka zana, wa aka bari a waje.

10 ga Fabrairu

Na samu ɗaya. A Washington akwai zanen Zurbarán da yaran shagonsa, na wajen 1640 zuwa 1650: Jerom cikin ja a gefe guda yana magana, Paula da 'yarta suna zaune suna fuskantarsa cikin kayan zuhudu. Ba ya cikin manyan ayyukan Zurbarán, amma zai shiga, kuma hoton kyauta ne.

23 ga Fabrairu

Babin jeji. Abu na farko da duk wanda ya taɓa wucewa Agadas zai lura da shi: hamadar Turawan nan kore ce shar. Joachim Patinir na Antwerp ya zana Jerom wajen 1516 ko 1517, zanen yana gidan zane na Prado a Madrid. Sai ka ƙura ido kafin ka gan shi, ɗan mitsitsi a ƙarƙashin wata rumfa jikin dutse yana cire wa zaki ƙaya. Sauran filin duka duwatsu ne masu tsini, da koguna, da gonaki, da ƙauyuka, har zuwa teku mai shuɗi can nesa. Duwatsun sun yi kama da na bakin kogin Meuse wajen Dinant, yankin da Patinir ya fito. A wurinsa jeji shi ne inda hanya ta yi wuyar hawa. Dürer ya halarci bikin aurensa a 1521, ya kira shi gwanin zanen shimfiɗar ƙasa, a lokacin da wannan bai zama fanni mai cin gashin kansa ba. Ina ganin masu halwa sun yi wa masu zanen daji babbar rana: waliyyi ɗan ƙarami a kusurwa ya isa hujjar zana duwatsu da gajimare iya son rai.

Sai Velázquez, wajen 1634, shi ma a Prado: haɗuwar Antoni da Bulus na Tibis, dattawa biyu na hamadar Masar. Jerom ne da kansa ya rubuta labarin Bulus. Ya ce mutumin ya rayu shekara 113, itacen dabino ke ciyar da shi yana kuma tufatar da shi, hankaka na kawo masa rabin gurasa kullum har shekara sittin. Ranar da Antoni ya zo, hankakan ya kawo cikakkiya. Wannan lokacin Velázquez ya kama: tsuntsun yana sukuwar saukowa da gurasa a baki, Bulus ya haɗa hannu ya dubi sama, Antoni ya buɗe hannu cikin mamaki. A baya ana ganin sauran labarin ƙanana-ƙanana, har da zakoki biyu suna haƙa wa Bulus kabari. Ko a labarin mutumin da aka ce shi ne farkon masu halwa, sai da aka samu mai kawo abinci, da baƙo, da masu binnewa. Gidajen ibada masu sunan dattawan nan biyu suna nan har yau a duwatsun kusa da Bahar Maliya, da ruhubanawan Kibɗawa a ciki.

Inda aka rataye zanen ma abin dubawa ne. An yi shi ne domin wani ɗan ɗakin halwa da ke cikin lambun fadar Buen Retiro ta Sarki Filibus na huɗu na Spaniya. Sarkin da ke mulki daga Madrid har Meziko da Manila ya sa an gina masa ɗakunan masu gudun duniya a bayan gida, ya kuma yi odar jerin zane-zanen masu halwa daga Roma, ciki har da na Claude Lorrain da Poussin. Ban ɗauki wannan a matsayin riya zalla ba. Mutumin da ba ya samun sa'a guda shi kaɗai yana iya ƙishirwar abin da gaske.

9 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, da safe kawai nake rubutu. Yau shafin da ya fi ɓata mini rai.

Albrecht na Brandenburg ya zama babban bishop na Magdeburg a 1513, ya haɗa da Mainz a 1514, bai kai shekara ashirin da biyar ba. Kuɗin da ya biya Roma bashi ne daga gidan Fugger, masu banki na Augsburg, kuma rabon da ya samu daga sayar wa talakawa takardun sassaucin azabar zunubi ya tafi wajen biyan bashin. Shi Martin Luther, malamin cocin Jamus, ya aika wa hujjojinsa 95 na sukar wannan ciniki a 1517. A 1525, shekarar da aka karkashe dubban manoma masu tawaye a Jamus, mutumin nan ya sa Lucas Cranach ya zana shi a matsayin Jerom. Ɗakin aro ne daga Dürer, da zaki, da kare, da tebur. Fuskar kawai aka canza. Wannan yana Darmstadt. Aka sake wani a 1526, sannan a 1527 aka fitar da teburin cikin daji, barewa da sauran namun dawa kewaye da shi. Cranach aminin Luther ne, amma bai ƙi kwangilar ba.

Zan ajiye shi kusa da Erasmus, masani ɗan Holan. Shi ma ya ari zaman Jerom: Quentin Massys ya zana shi a 1517, Holbein a 1523, Dürer a 1526, kusan duka da littafi ko alƙalami a hannu. Amma Erasmus ya biya kuɗin zaman da guminsa. Shi ya jagoranci tace ayyukan Jerom da aka buga a Basel a 1516, mujalladi tara, ya kuma rubuta tarihinsa yana ware abin da ya tabbata daga tatsuniya. Ina so yara su iya bambance mai kujera da wanda ya zauna a ɗauke shi hoto.

24 ga Maris

Goman ƙarshe. Masu i'itikafi sun shiga masallacin unguwarmu, kuma duk yamma kafin a sha ruwa za ka ga yara da kuloli a hannu suna nufar ƙofar. Mutum ya keɓe da Ubangijinsa, gida guda yana tsaye a bayansa. Haka Jerom yake da Paula, kuma da wannan zan buɗe gabatarwar littafin, don ɗalibi ya san abin da zai kalla ba baƙonsa ba ne.

Na ƙara sakin layi a kan Imam Gazali. A 1095 ya bar kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, a lokacin da ba wanda ya kai shi suna. Da bakinsa ya ce yakan hau hasumiyar masallacin Dimashƙa ya kulle kansa yini guda. Ya kuma faɗi cewa kafin ya fita sai da ya ware abin da zai ishi 'ya'yansa, kuma daga baya kiran yaran na cikin abin da ya dawo da shi gida. A 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. Babu wanda ya zana shi a hasumiyar, rubutunsa kawai muke da shi, kuma a rubutun bai ɓoye iyalinsa ba.

7 ga Afrilu

Bayan Sallah na kai wa mai maɗaba'a shafukan gwaji. Na Dürer sun fito tsaf, layi baƙi a farar takarda ba ya ba injin wahala. Caravaggio da Rembrandt kuwa sun zama baƙin tabo.

"Malam, wannan ai ba komai a ciki, duhu ne kawai," in ji shi.

Na buɗe masa a waya na ƙara haske. "Duba nan ƙasa, Alhaji, ta dama."

Ya matso da ita kusa da ido. "Af, ashe mace ce. Wuta take hurawa."

Zanen Rembrandt ne na 1632 da ke Louvre, wanda aka saba kira masanin falsafa cikin tunani. Dattijo yana zaune gefen taga cikin haske ruwan zuma, matakala mai murɗewa ta raba ɗakin biyu, can a kusurwa tsohuwa ta sunkuya tana gyara wutar murhu. Sunan ba Rembrandt ne ya raɗa ba, daga baya aka laƙaba, kuma wasu masana suna ganin Tobit ne makaho, na wani tsohon labarin addini, da matarsa Anna suna jiran ɗansu, tunda ba wani littafi a fili a gabansa. Ko wanne ne, wannan shi ne zanen da ya amsa tambayar ɗalibata, kuma idan bugu ya yi duhu matar ce farkon wadda ke ɓacewa. Ba zan yarda a buga shi haka ba.

Na Caravaggio yana Galleria Borghese a Roma, na wajen 1605 zuwa 1606. Jerom tsoho ne tukuf, jan mayafi ya zame daga kafaɗarsa, idonsa a kan littafi, hannunsa na dama ya miƙe tsawon teburin da alƙalami. A ƙarshen hannun ƙoƙon kai ne a kan wani littafi, haske ya sauka a kansa daidai yadda ya sauka a sanƙon dattijon. Ba zaki, ba hula, ba taga. Bayan babban taron coci na Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, cocin Katolika ta fi son waliyyi mai tuba da nadama a kan malami mai ɗaki mai kyau, sai ga Caravaggio ya haɗa su biyun a jiki ɗaya: ramammen mai halwa da bai ajiye alƙalami ba. A ganina duk littafin ba zanen da ya kai shi.

Mun yi matsaya da Alhaji. Masu duhun za su koma tsakiyar littafi a kan takarda mai sheƙi, ni kuma zan ɗan ɗaga hasken fayilolin, in rubuta a ƙarƙashin kowanne cewa an yi haka. Kuɗin bugu zai ƙaru, don haka zane-zanen Gerrit Dou da Marinus van Reymerswaele sun fita. Masanin taurarin Vermeer na 1668 zai tsaya, a ƙaramin hoto, don a ga inda al'adar ta dosa: ɗaki da taga da tebur suna nan, waliyyin ne ya tafi, mai nazarin sama ya zauna.

19 ga Afrilu

Abu biyu.

Na ɗaya, na yanke shawarar ƙara shafi guda a kan Indiya. A 1580 limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka isa fadar Sarki Akbar na daular Mughal a Fatehpur Sikri da littattafai da bugaggun zane-zanen Turai. Ba a daɗe ba Kesu Das, mai zanen fadar, ya yi nasa Jerom ɗin, yana gidan tarihi na Guimet a Faransa. Su ma suna da nasu masu gudun duniyar: an zana Sarki Jahangir zaune a bakin kogon Jadrup, wani mai zuhudu ɗan Hindu, kuma Bichitr ya zana shi yana miƙa wa wani shehin Sufaye littafi, sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Sarki James na Ingila suna ƙasa suna jira. Daga baya, a shekarun 1650, Rembrandt ya zauna a Amsterdam yana kwafar zane-zanen Mughal. Shafi ɗaya ba zai ishe su ba, amma ba na son yaro ya rufe littafin yana zaton Turawa kaɗai suka san darajar mai halwa.

Na biyu, shafin ƙarshe zai zama na Carpaccio, na wajen 1502, wanda har yau yake inda aka yi shi dominsa, a zauren ƙungiyar 'yan Dalmatiya mazauna Benis. Jerom ɗan ƙasarsu ne. An daɗe ana cewa shi ne a zanen, sai a 1959 aka nuna cewa Agustin ne. Labarin da aka bi, wanda aka ƙaga ƙarnuka bayan mutuwarsu, ya ce Agustin yana zaune yana rubuta wa Jerom wasiƙa yana neman fatawa, sai haske ya cika ɗakin, murya ta sanar da shi cewa Jerom ya rasu a wannan sa'a a Baitalami. Carpaccio ya tsayar da shi da alƙalami a sama, ya juya ga taga. Littattafai a warwatse, takardun waƙa a buɗe a ƙasa, na'urar auna taurari tana rataye, wani ɗan farin kare ya zauna a tsakar ɗaki yana kallon inda maigidansa ke kallo. A zahiri mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Shekara da shekaru suna musayar wasiƙu tsakanin Hippo da Baitalami, wani lokaci da zafi, wata wasiƙar ma ta yi ta yawo a hannun mutane a Italiya kafin ta isa ga mai ita, abin da ya fusata Jerom ƙwarai.

Abin da ya rage: izinin hotunan Italiya da na Spaniya bai kammala ba, babin mata masu halwa, Maryamu Magadaliya da Maryamu ta Masar, yana nan a zayyane ban rubuta ba, kuma na ba wata abokiyar aiki da ke koyar da addinin Kirista rubutun ta duba mini sunaye da bayanan coci. Ta ce zuwa ƙarshen wata za ta dawo da shi. Ɗalibar da ta yi tambayar abinci ta karɓi aikin zana bangon littafin.